Ragon Halliru Marar Suna

A unguwar Rumde Ajiya ta garin Garwa a ƙasar Kamaru, ba nisa da filin ƙwallo, akwai wani gida mai ƙofar kwano wanda ba ya ɓace wa baƙo, don tun daga bakin lungu ake jin ƙamshin harawa da kukan raguna. Gidan Malam Halliru ke nan, mai kiwon ragunan layya. Kakansa bafatake ne daga Kano, ya zo da goro da baƙin yadi, ya ga kogin Binuwai ya ce nan ya yi masa. Ubansa mahauci ne a babbar kasuwa. Shi Halliru bai gaji wuƙa ba, saboda tun yana yaro ya fi son ciyar da dabba a kan feɗe ta. Da an gama babbar Sallah sai ya nufi kasuwar Adumri ya zaɓo 'yan raguna, ya ɗaure su a rumfa, ya yi ta ba su dusa da kanwa da turto, wato tunkuzar 'ya'yan auduga, har wata Sallar ta zagayo.

Ban da raguna, abin da ya fi so a duniya shi ne rediyo. Ya sayi ta farko a shekarar 1982, lokacin da Kamaru ta fara zuwa gasar cin kofin duniya, kuma tun daga nan ba ta rabu da ƙusar da ke jikin rumfar ba. Karatun boko bai yi nisa da shi ba, amma Faransancin masu sharhin wasa ya zauna masa a kunne. Ƙwallo, dambe, tsere, har wasannin da bai taɓa gani da ido ba, duk yana bi. Daga nan ne al'adarsa ta samo asali: duk ragon da ya sayo ba ya raɗa masa suna sai an yi wata babbar gasa a duniya, sannan ya ba shi sunan wanda ya ci. Sunan ƙasa ko na gari ko na ƙungiya yake sawa, ba ya sa na mutum, don a ganinsa bai dace a kira sunan ɗan Adam a kan abin da za a yanka ba. Wanda ya fi duka girma kuwa, shi ake ajiye wa gasar da ta fi girma a idonsa, kuma ba na sayarwa ba ne. Shi ne layyar gidan.

Ta haka mutanen lungun suka san zakarun duniya ba tare da sun buɗe jarida ba. Mace za ta leƙo ta ce, "Malam, Burazil ya cinye mini zanen da na shanya," kowa kuma ya san wanda ake nufi. Shekarar da ƙungiyar ƙwallo ta Koton ta Garwa ta fara ɗaukar kofin ƙasa, sai da masu saye suka yi cacar baki a kan ragon da ke ɗauke da sunan.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Émile, wani Kirista ɗan kudu da aikin gidan waya ya kawo Garwa, ya yi ritaya ya ƙi komawa. Da Fillanci suke hira, suna kiran juna sobajo, wato aboki. Tare suka saurari wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1984 da kuma 1988, duka biyun Kamaru ta doke Najeriya, Émile yana tsokanarsa da cewa, "Sobajo, a yi haƙuri, 'yan uwan kakanka sun sha kashi," shi kuma yana cewa kakansa goro ya sayar, bai buga ƙwallo ba. Kowace Sallah, cinyar babban rago gidan Émile take zuwa tun kafin Balkisu, matar Halliru, ta ɗora tukunya.

Rigimar Bakasi ce ta shiga tsakaninsu. Marcel, ɗan Émile tilo, soja ne, aka tura shi can bakin teku inda sojojin Kamaru da na Najeriya suke fuskantar juna, aka yi watanni ba labarinsa. A cikin wannan hali ne Najeriya ta ci zinariyar ƙwallo a wasannin Olamfik na 1996. Halliru bai yi wani dogon tunani ba. Wanda ya ci shi ya ci, ya raɗa wa babban ragonsa Najeriya kamar yadda ya saba. Da Sallah ta zo Balkisu ta kai cinya. Émile ya tambaye ta ko ta wane rago ce, ta faɗa masa. Ya dubi kwanon, sannan ya ce, "Mayar masa. Ɗana yana can cikin ruwa da sauro, ban san ko yana da rai ba, shi kuwa yana nan yana yi wa Najeriya kiwo. Da ma jininku can yake."

Maganar ƙarshen nan ita ta fi yi wa Halliru ciwo, shi da aka binne cibiyarsa a Garwa. Duk da haka Sallar da ta biyo baya ya sake aikawa, aka dawo da ita. Ta bayanta ma haka. Matan dai ba su daina ba juna gishiri ta kan katanga ba, Berthe matar Émile takan ce wa Balkisu, "Rabu da su, tsufa ne." Amma mazan in sun haɗu a lungu sai kowa ya kalli takalminsa. Ko da Marcel ya dawo gida a ƙarshen 1999, da rai amma yana jan ƙafa, Halliru yana jin guɗar mata ta bayan katanga, ya sa hula ya cire har ya gaji, bai iya shiga ya ce barka ba.

A farkon shekarar 2000 rumfarsa cike take da zakarun bara. Akwai Mancesta, wani ja mai faɗin ƙirji, saboda kofin Turai. Akwai Kazabalanka na kofin ƙungiyoyin Afirka, da Ostiraliya wanda ya samu sunansa daga kofin duniya na wasan rugubi, da wani siririn rago mai tsinke igiya da aka kira Habasha saboda masu dogon gudu. A ƙuryar rumfa kuma ga wani fari ƙato mai baƙin kunne, ƙahonsa ya murɗe, shi kaɗai ba shi da suna. Kofin Afirka yake jira, don a watan Fabrairu za a yi wasan ƙarshe, Sallah kuma sai Maris.

Sai ga shi Kamaru da Najeriya ne suka kai ƙarshe, kuma a Legas za a buga.

Balkisu ta same shi yana jiƙa dusa ta ce, "Malam, Berthe ta ce mini zuciyar Émile ta fara sanyi tun da yaron ya dawo. Bana in an kai cinyar, ina jin zai karɓa. Amma in Najeriya ta ci, don Allah ka sa wa ragon nan wani suna. Ka ce masa Fari, ka ce masa Baƙin Kunne."

"Lungun nan duk sun san abin da yake jira," in ji shi. "In na sauya, Émile ne zai fara ganewa. Zai ce ashe da can ma da gangan na yi."

"To in ba ka sauya ba fa?"

"Sai a dawo da cinyar."

"Kai dai da taurin kai, har ka fi Habasha," ta faɗa, ta shige ɗaki.

Ranar wasan, da la'asar, Halliru ya sa wa rediyo sabon batir ya zauna a kan turmi a bakin rumfa. Kamaru ta zura ɗaya, ta ƙara ta biyu, garin ya ɗauki ihu har raguna suka firgita. Ya ce alhamdu lillahi a hankali. Kafin a tafi hutu Najeriya ta rama ɗaya. Ana dawowa ta rama ta biyu. Lungun ya yi tsit. Ya juya ya dubi farin ragon, shi kuwa yana ta tuƙa abinsa, bai san komai ba.

Ana cikin ƙarin lokaci wutar unguwar ta ɗauke. Duk talabijin ɗin lungun suka mutu lokaci guda, aka ji salati da zagi ta ko'ina. Samari suka hau babura suka nufi inda ake da injin wuta, Marcel ma wani ya goya shi. Rediyon Halliru kaɗai ta rage tana magana.

Can sai aka taɓa ƙofar kwano. Ba a yi sallama ba, an dai tura ta kaɗan. Émile ne, da singileti da silifa, gashinsa ya yi fari fiye da yadda Halliru ya sani, don ya daɗe bai dube shi sosai ba.

"Ƙara murya," in ji Émile. "Ta kan katanga ba na jin komai sai kukan dabbobinka."

Halliru ya ƙara murya. Ya tashi daga kan turmin ya tura masa, shi ya zauna a kan buhun turto. Suka ci gaba da sauraro har alƙalin wasa ya busa, mai sharhi ya ce sai bugun fanareti. Aka ɗan dakata ana zaɓen masu bugu. Émile ya goge wuyansa, ya dubi ƙuryar rumfa.

"Wancan ne marar sunan?"

"Shi ne."

"Ka cika shi da turto. Kitse zai yi yawa."

"Da ba ka ƙin kitse."

"Da ina da haƙora da lafiya." Ya murza gwiwarsa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Marcel ya ce a can ma da rediyo suke jin ƙwallo. Ya ce in an ci, sukan jiyo ihun na wancan ɓangaren ta kan ruwa, tasha ɗaya suke kamawa. Ya yi mini dariya da ya ji abin da ya haɗa mu. Wai rago, Baba?" Ya ja numfashi. "Ko wa ya ci yau, ka aiko mana da tamu. Cinya fa, kada Balkisu ta kawo mini haƙarƙari."

Halliru ya dube shi. Ya ce, "Sobajo, ni ma ban kyauta ba. Ban tuna da halin da kake ciki ba."

"Yi shiru, za su fara."

Suka matso da kawunansu kusa da rediyo kamar masu jin ɗumin wuta. Aka buga, aka ci, aka buga, aka ɓarar. Wata ƙwallon Najeriya ta daki ƙarfen sama ta dawo ƙasa, alƙali ya ce ba ta shiga ba. Da ɗan Kamaru na ƙarshe ya zura tasa, huɗu da uku, Émile ya miƙe da ihu har silifa ɗaya ta tashi ta faɗa cikin kwanon dusa. Garwa gaba ɗaya ta rikice da hon ɗin motoci da bugun tukwane. Balkisu ta fito tana guɗa, Berthe ta amsa mata ta kan katanga. Halliru ya je ya dafa goshin farin ragon ya ce, "To, Kamaru, sannu da jira."

Daga baya aka yi ta gardama a gari cewa ƙwallon da ta daki ƙarfe ta haye layi. Halliru ya kai wa abokinsa zancen, Émile ya ce, "Alƙali bai gani ba, ni ma ban gani ba, ai ba wuta." Washegarin wasan kuwa Halliru ya sa babbar riga ya shiga gidan, ya riƙe hannun Marcel ya yi masa barka da dawowa, ya daɗe bai saki ba.

Ranar Sallah da kansa ya ɗauki cinyar ya kai. Émile ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya ce kitsen ya yi yawa kamar yadda ya faɗa, sannan ya ƙwala wa Berthe kira ta kawo wuƙa da yaji.

Shekarar ta ci gaba da ba da zakaru. Sababbin 'yan ragunan da suka zo daga Adumri, ɗaya ya zama Madrid a watan Mayu saboda kofin Turai, ɗaya Faransa da damina saboda kofin ƙasashen Turai, wani kuma Akara a ƙarshen shekara saboda kofin ƙungiyoyin Afirka. A watan Satumba Kamaru ta doke Sifen a Sidni ta ci zinariyar Olamfik, aka sake samun wani Kamaru a rumfar. Mutane da yawa a Garwa suna ƙirga wannan shekara cikin mafiya daɗi da suka gani, saboda kofuna biyun nan.

Halliru ma yana ƙirga ta, ko da yake in an zauna da shi ba kofunan yake fara ambata ba. Ya tsufa yanzu, ragunan sun ragu, Émile ya riga shi tafiya, kuma shi ya riƙe Marcel a bakin kabari. In aka tambaye shi shekarar 2000, yakan rage muryar rediyo ya ce abin da yake gode wa Allah a kai shi ne lokacin da abokinsa ya turo ƙofa. "Biyu da biyu ake," yakan ce. "Ba wanda ya san wa zai ci. Da bayan an tashi ya zo, da har yau ina tambayar kaina ko don Kamaru ta ci ne."