Tayoyin da Baba Ya Zaɓa

Shekarar da na sayi mota kaina bai zauna daidai ba. 'Yar ƙaramar mota ce ja, ta hannu, amma ni a wurina ko ta gwamna albarka. Ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Dutsin-Ma, daga gida zuwa can tafiyar ƙafa ce, duk da haka sai na zaga gari kafin in shiga. Ko gishiri ne ya ƙare, makulli nake ɗauka. Maigidana ya ce in ba a tsawata mini ba, wata rana da mota zan shiga madafa. Ina wanke ta da safe, in goge ta da yamma, in koma taga ina leƙenta ina murmushi ni kaɗai. Abu guda ne ban taɓa sunkuyawa na duba ba, tayoyinta.

Mahaifina yana Tamawa, a ƙasar Kurfi. Dillalin shanu ne tun ban zo duniya ba. In ya dafa bayan saniya a kara, kasuwar shanu, ya ce a saya, mai saye ba ya ƙara tambayar kowa. Shekara huɗu ke nan da yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ya bar kasuwa ya koma zaman zaure. Likitan ido a Katsina ya ce aiki ne na ɗan lokaci, a cire yanar ya ci gaba da gani. Sau biyu ana ba mu rana, sau biyu Baba yana zillewa. Na farko ya ce motar haya tana karya masa ƙugu, na biyu ya ce direbobin yanzu ba su da tsoron Allah. A karo na uku aka ba mu Alhamis, nas ɗin kuma ta gaya mini ƙarara cewa in muka sake saɓawa sai mu koma ƙarshen layi, ga shi yanar in ta daɗe tauri take ƙarawa. To yanzu ga mota, ga direba 'yarsa ta cikinsa. Na ce bari in ga ta inda zai ɓullo.

Ranar Asabar na nufi Tamawa, tun daga bakin gari nake danna hon. Mata suka leƙo, wasu har da guɗa. Baba ya fito da sandarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Ya shafa motar daga gaba har baya yana sa albarka, ni kuwa bakina ya ƙi rufuwa. Sai ya jingine sanda, ya tsuguna gaban tayar gaba, ya daɗe a nan.

"Uwata, wagga aba da kika sawo, kofatonta ya cinye."

"Baba, taya ce fa."

"Na san taya ce. Kawo hannunki."

Ya kama hannuna ya ɗora. Sumul take kamar bayan ƙwarya. Ya ja yatsana zuwa gefe, na ji wani ƙulli ya taso kamar ƙwan zabo.

"Ko jaki ba ni hawa in ƙafarshi ta kai haka," in ji shi. "Ba ni shiga."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya ɓata shi, gaskiya ya faɗa a gaban matan da suka gama yi mini guɗa. Na ce zan sayi wasu kafin Alhamis. Ya ce, "Ke za ki zaɓa? Ke da kika sawo waɗanga?" Ban san lokacin da na ce, "To ka zo ka zaɓa da kanka mana!" ba. Na fara shirin ba da haƙuri, sai na ji ya ɗaga murya yana cewa a miƙo masa babbar rigarsa, shuɗiyar, wadda yake zuwa kara da ita.

Ya riƙe maganarsa, bai shiga ba. Bayan mashin ɗin ƙaninsa ya hau, tsofaffi biyu, riga tana kaɗawa, ni kuma ina biye a mota babu kowa a ciki, tun daga Tamawa har Dutsin-Ma. Na yi fushi har na wuce gari biyu, daga nan dariya ta kama ni, ita ta kai ni har bakin tasha.

Wurin mai facina muka fara tsayawa. Dattijo ne, ya fi wata yana gaya mini in canja tayoyin nan, ina ce masa in sha Allahu. Ya shimfiɗa wa Baba buhu a kan benci, suka gaisa, sannan ya juyo gare ni. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda manne a jikin ƙarfen, ya ce lambobin da ke nan su ne girman tayar motata, kada in yarda wani ya ce mini wai kusan ɗaya ne. Ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefen taya cikin ɗan zagaye, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ya zana mini a ƙasa da tsinke hoton ɗan tsauni mai kai uku da wani abu kamar tauraro a ciki, ya ce in na ga wannan in bar ta, ta ƙasar ƙanƙara ce. Wurin saye kuwa, ya ce akwai masu tsibin tayoyin hannu, 'yan Beljiyam, a bakin titi, akwai shaguna masu sabbi a leda, in duk ba su yi mini ba sai Katsina.

"Hajiya, in kin sayi ruɓaɓɓiya ni ka samun aiki," ya ce. "Amma ba ni son a kira ni aikin a hanyar Kurfi."

Baba ya ce a fara kai shi tsibin. Ba a sayen dabba sai an zaga kara.

Mai tsibin ya gan ni da mayafi da makullin mota, ya ga tsoho makaho a bayana, na ga farin ciki ya sauko masa a fuska. Ya garo mini wata baƙa wuluk, tana ƙyalli, zanenta raɗau. Wallahi ta shiga raina. Na ce, "Baba, ga wata kamar sabuwa."

Baba bai taɓa ta ba tukuna. Ya ce, "Malam, ina take kwana?"

"Wa, Alhaji?"

"Tayar."

"Nan take kwana mana."

"Rana ta buge ta, ruwa ya buge ta. To, madalla."

Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Ya matsa gefenta yadda yake matsa gindin wutsiyar sa. Ya shafa, ya kai tafinsa hanci ya shinshina, ya ce an shafe ta da mai. Ya lanƙwasa gefen da babban yatsa ya ce in duba, sai ga tsaga ƙanana birjik waɗanda man ya ɓoye. Sannan ya sa farce cikin zanen, ya bi shi a hankali har ya zago.

"Wannan ba haƙoranta ba ne. Da wuƙa aka fiƙe mata su, ga kaifin nan. Tsohuwa ce tukuf, saura kaɗan a taras da ƙarfen ciki."

Mai tsibin ya fara rantsuwa. Baba ya ce, "Bar rantsuwa, ɗana, ba faɗa na zo ba. Mu ma a kara akwai masu ba saniya kanwa ta kwana shan ruwa, da safe ka gan ta tirtsa-tirtsa. Garo mani wata in ji tahiyarta."

Haka aka yi ta yi. Mai tsibi yana gara taya a kan siminti, Baba ya karkata kai yana saurare, ya ce waccan tana ɗingishi, waccan an yi mata ɗori a ciki. A juya ta, sai ga faci kamar tafin hannu. Kafin a jima 'yan acaɓa da masu shayi sun kewaye mu. Duk wadda Baba ya kayar sai a yi shewa, ni ce kan gaba, mayafina har yana zamewa. Shekara huɗu ban ji muryar nan tasa ta kasuwa ba. Na ji daɗi ƙwarai.

Can aka garo wata, Baba ya dafa ta ya shafa. Mai kauri ce, mai laushi, zanenta da zurfi, babu tsaga babu faci. Fuskarsa ta washe.

"Yawwa! Uwata, ga karsana. Nemo mata 'yan uwa ukku."

Jama'a suka ɗau tafi. Ni kuwa na sunkuya neman lambobi, sai idona ya faɗa kan ɗan tsaunin nan mai kai uku. In na yi shiru, mun sayi tayar da kwaltar bazara za ta cinye. In na yi magana, na kayar da shi a gaban mutanen da suka gama tafa masa, ya yi zuciya ya hau mashin, Alhamis ta wuce. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, baƙuwa ce. Don ƙanƙara aka yi ta. Laushin nan da kake ji, zafin titinmu ba zai bar ta ba."

Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya gaya wa jama'a da kansa. Ya ce yana saurayi an taɓa kawo wasu shanun Turai ƙasar nan, manya, masu kyan gani, ya yi ta yabonsu, bazara ɗaya suka yi suna haki a inuwa suka ƙare. "Sau biyu ke nan baƙuwa tana rufe ni," ya ce. "Uwata, ke riƙe ido, ni in riƙe hannu."

A wani shago mai duhu da sanyi muka ƙare, inda tayoyi ke jere a kan katako, rana ba ta taɓa su. Na gwada lambobin girma da na jikin ƙofa, suka yi daidai. Baba ya shinshina, ya matsa, ya sa aka gara, ya ce in gaya masa shekarunta. Na karanta lambobi huɗun, ba ta cika shekara ba. Ya ce duk huɗun su zama iri ɗaya, ba a haɗa sa da jaki a garma guda. Ƙanin nasa ya gaji ya koma gida. Aka ɗaura, aka kai motar aka daidaita mata ƙafa don kada ta cinye gefe guda, Baba yana zaune yana ba masu aikin umarni kamar ya taɓa riƙe sifana.

Da aka gama ya miƙe ya ce, "To, a kora ta in ji." Ya lalubi ƙofa ya shiga da bisimilla. Na kusa taka rawa a bakin titi, ni da ɗalibaina ke tsoro.

Hanyar madatsar ruwa ta Zobe na ɗauka. Ya sauke gilashi ya fitar da hannu, ya ce yana jin ƙamshin ruwa da na albasa. Ina ta zuba surutu, ina ce masa Alhamis da asuba zan zo, ya shirya. Da muka tsaya kusa da ruwa na kashe mota, ya ce, "Uwata, tayoyin ga nagari ne. Ba ni da sauran abin cewa." Ya murza carbinsa. "Wuƙar likita nika tsoro. Yanzu ko ba komi ina gane rana da dare. In suka taɓa, wannan ɗin ma ya tahi fa?"

Ban taɓa jin Baba ya ce yana tsoron wani abu ba. Ba ni da abin da zan rantse masa a kai, don haka na ce masa ni ma tsoron nake ji, amma ina so ya gan ni ina tuƙi. Ya yi tsaki ya ce in tayar mu tafi, la'asar tana wucewa.

Ranar Alhamis na same shi a ƙofar gida cikin shuɗiyar rigar. Ido ɗaya aka yi, aka ce ɗayan sai an sake ba mu rana. Muka kwana gidan 'yar uwata a Katsina, da safe muka koma a cire bandeji. Ina zaune a benci ya fito da baƙin tabarau, babu mai ja masa sanda. Na miƙe na tarbe shi. Ko kallona bai yi ba, ya ce, "Ina motar?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na bi shi har inda na ajiye ta. Ya tsaya turus.

"Ja ce ashe? Ba wanda ya gaya mani!"

Ya tsuguna gaban tayar gaba ya ɗaga tabarau. Ya kalle ta, ya rufe ido ya shafa ta, ya sake buɗewa. Ya ce hannu bai yi ƙarya ba. Na tsuguna kusa da shi ina dariya, ina nuna masa lambobi huɗun da na karanta masa. Sai na lura ba tayar yake kallo ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna gefen ɗankwalina, inda gashi ya leƙo.

"Uwata, yaushe kika yi hurhura?"

"Kana zaure, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya dafa motar ya miƙe, ya ce mu tafi gida, akwai sauran waɗanda bai gani ba. Har ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya juyo.

"Koma ki tambaye su. Ɗayan idon, wace rana suka ce?"

Na koma na tambaya. Da na dawo na zauna a gaban sitiyari, ƙwalla ta cika mini ido, sau uku ina kai makulli ban ga ramin ba, sai shi ya nuna mini.