Ranar da Suka Nuna Ƙafar Baba

Shekarar da aka buɗe sabuwar tashar talabijin ɗin nan ta kyauta, babu wanda ya kai ni yi mata talla a Gazawa. Babu abonema, wato kuɗin wata, ka juya farantin tauraron ɗan Adam kawai ka kama. Hoton kuma garau! Ranar buɗewa muna teburin mai shayi, mai karanta labarai ya fito, har gashin hancinsa na gaisa da shi. A tsohuwar tele in ana kokowa, sai an tashi ka tambayi wanda ya faɗi. A wannan kuwa yashin da ya manne a bayan ɗan kokowa ma kana ganinsa ƙwaya-ƙwaya. Suka jero shirye-shirye: kokowa, ƙwallo, wa'azi, fim ɗin Indiya da aka juya Hausa, da shirin manoma ranar Lahadi bayan la'asar. Wannan na ƙarshen ne ya ɓata tsakanina da tashar.

Mahaifina ya yi suna a karkararmu wajen renon itace. In ana sassabe ba ya ƙone kututture, sai ya zaɓi tohon da ya fi ƙarfi ya bar shi, ya sare sauran. Gonarsa gawo da kalgo ne ko'ina, in ka shiga sai ka nemi mai rakiya. Masu tashar suka aiko za su zo su ɗauke shi.

Baba bai damu da duniya ta gan shi ba. Mutum ɗaya yake so ya gan shi: gwaggona, ƙanwarsa da ke aure a ƙetaren iyaka, ƙasar Katsina. Ciwon gwiwa ya zaunar da ita, ga iyaka a rufe lokacin, shekaru sun tafi ba su haɗu ba. Tunda tashar kyauta ce, can ma ana kamawa. Muka yi mata waya, ta ce za ta tara unguwa a ga yayanta.

A wurinmu ba a tsayawa gaban kamara da kayan gona. Ko hoton katin ɗan ƙasa ne, sai an yi wanka an shafa turare. Baba ya fito da farar shaddarsa mai aikin hannu, aka kai ta wurin masu bugu, ta dawo tana ƙyalli har kaji na kauce mata.

Suka iso da hantsi. Shugabansu, wani matashi mai tabarau, ya dubi Baba sama da ƙasa.

"Baba, a taimaka a sa kayan aiki. Tsohuwar taguwa, ko ta yage ba laifi. Masu kallo suna son ganin gaskiyar ƙauye."

"Ɗana, wannan rigar ƙarya ce?"

"A'a, Baba, ai dai manomi..."

"Kai da ka zo gonata, da tsumma ka zo? Ƙanwata za ta kalla. Ba za ta gan ni kamar wanda aka kora daga gida ba."

Na sa baki na ce, "Malam, in yagaggen kaya kuke nema, ga ni, wandona ma ya isa shiri guda." Ba wanda ya yi dariya. Matashin ya yi ƙus-ƙus da mai kamara, ya juyo ya ce to, ba komai. Saurin yardar nan ya kamata ya ba ni tsoro.

Baba ya tuɓe takalmi, don ba ya taka gona da takalmin fita. Ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya ɗauki gatari, yana sara yana bayani kamar mai huɗuba.

Ranar Lahadin gidanmu ya cika, har kan katanga akwai mutane. Shiri ya fara. Ga gawo, ganye ɗaya-ɗaya. Ga sararin sama. Ga jakin maƙwabcinmu, tun daga kunne har wutsiya, ya tsaya yana kallon 'yan ƙasa baki ɗaya kamar minista. Sai ga hannu riƙe da gatari. Sai ga ƙafa. Jama'a, ƙafa! Fason dugadugin Baba ya cika tele, kowace tsaga kamar ƙasan tabki da rani, akuya za ta iya faɗawa ciki. Suka daɗe a kanta, har da kiɗan sarewa mai ban tausayi. Riga babu, fuska babu. Muryarsa ma sun danne ta da ta wani mai bayani da bai taɓa riƙe gatari ba.

Wannan ba kuskure ba ne. Dattijo ya ƙi sa tsumma, suka bi jikinsa suka nemo inda ya fi kama da tsumma. Kun sayo kamarar da ke ganin gashin hanci, amma fuskar mutum ta gagare ta? Jaki ya samu fuska, ubana bai samu ba!

Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya. Sai wayata ta yi ƙara, gwaggo ce. Na miƙa wa Baba.

"Yaya, na ga ƙafa. Na gane ta, irin ta gidanmu ce. To ina sauranka? Na tara mutane, Yaya. Suna tambayata ko ba ka da lafiya ne aka ɓoye ka."

Baba ya ce, "Lafiyata lau." Ya miƙo mini wayar.

Da safe ya ce in zuba wa babur mai. Mutumin da ya ce shi da hawan babur har abada! Muka bi hanyar daji ta 'yan kabu-kabu masu haya da babur, yana rungume da wani ƙunshi, duk rami sai ya ce mini marar hankali. Da muka hango garinsu gwaggo, sai Baba ya ce in tsaya. Ya sauka gindin wata tsamiya, ya wanke fuska, ya warware shaddar ya zura, ya daidaita hula.

"Je ka ce mata ta sake tara mutanen," ya ce. "Ka ce sauran ya iso."