Fensirin da Na Zaɓa a Gwarzo

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji uku a ƙaramar sakandare, Baba ya goyo ni a keke daga Getso zuwa Gwarzo don mu sayi fensir guda ɗaya tak. An kwana ana ruwa, hanya duk ta caɓe, sau biyu muna sauka mu tura keken. Gero ya fara fitar da kai, ciyawa ta cinye gonar wake, amma Baba ya jingine fartanyarsa ya ce yau ba gona. Ban taɓa ganin an fasa noma a gidanmu saboda abin makaranta ba sai ranar.

Tun ina ƙarami hannuna ba ya rabuwa da zane. Na ɓata bangon rumbu da gawayi har Inna ta gaji da faɗa. In na kai awaki kiwo, abokaina suna langa, ni ina gindin kuka ina zana motocin hatsi a ƙasa da tsinke. Fensirin katako kuwa raba shi ake yi biyu, ni da ƙanena, mu yi ta feƙewa da tsohuwar reza har ya gagari riƙo. Malam Tukur, mai koya mana zanen gini da na injina, shi ya sa sunana a wata gasa da za a yi a Kabo, wadda duk wanda ya yi fice za a ba shi gurbi a makarantar fasaha ta kwana. Ya ce, "Layinka a miƙe yake, Sabi'u, sai dai ya yi kauri. Ka nemo fensir mai dannawa, wanda ba a feƙewa." Iyakar bayanin ke nan, ni kuma kunya ta hana ni ƙara tambaya.

A Gwarzo, mai kanti ya jera mana guda uku, ɗaya na ƙarfe mai nauyi, biyu na roba. Baba, wanda in ya murza gero a tafin hannu zai faɗa maka gonar da ya fito, ya ɗauki na ƙarfen ya yi ta juyawa, ya rasa ina ne bakinsa. Ya miƙo mini ya ce, "Ni ban san kansa ba. Kai ne ɗan boko, zaɓi mai kyau, kada ka dubi tsada." Ni ma ban san kansa ba. Abin da na sani shi ne, abin da ke aljihunsa kuɗin sayen taki ne. Na nuna shuɗi na roba, mafi araha, na ce irinsa Malam ya faɗa. Mai kanti ya tambaya, "Tsinken da ake zura masa fa, wace lamba?" Ashe har lamba gare su. Na ji nauyin a gane ban sani ba a gaban Baba, sai na nuna kwalin masu kauri, a tunanina za su fi daɗewa. Mutane sun taru a kansa, ya ƙunshe mana a takarda bai ko duba ba.

Da muka koma gida Inna ta adana shi a cikin kwallarta, ta ce kada ya ƙare kafin ranar gasar. Mako biyu ina zuwa in buɗe, in kalle shi, in mayar. Ko layi ɗaya ban ja da shi ba.

A Kabo aka zaunar da mu a wani dogon aji, kowa da faffaɗar farar takarda, aka ajiye bulo a kan tebur aka ce mu zana shi ta fuska uku. Ina ɗora fensirin, tsinken ya karye. Hannun da ya saba da fartanya bai san sassauci ba. Na danna, ya fito, ya sake karyewa. Kafin in gama fuska ɗaya, wanda ya zo a cikinsa ya ƙare. Na buɗe kwalina na ɗauko sabo, ya ƙi shiga. Na gwada ta baya, na gwada ta gaba, na hura bakin, duk a banza. Na ɗaga hannu, mai sa ido ya ce ba a aro a nan, ya wuce. Sai na riƙe tsinken tsirara da yatsu biyu ina ja, yana gutsurewa, gumi yana ɗiga yana dama baƙin a kan takarda. Zanen yana nan cikakke a kaina, ina ganin kowace kusurwa, amma na rasa yadda zan sauke shi. Haka na zauna ina jin ƙarar fensiran mutane har aka ce a ajiye.

Da na fito sai ga Baba a gindin darbejiya. Ashe ya biyo mu a motar haya ba tare da ya faɗa wa kowa ba. Ya miƙo mini gasasshiyar masara, ya ce, "Yaya, fensirin ya yi aiki?" Na dubi fuskarsa na ce, "Ya yi, Baba." Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ai na ga ka iya zaɓe." Da sakamako ya fito babu sunana, cewa kawai ya yi Allah bai nufa ba, bai sake tayar da maganar ba.

Yau walda nake yi a Gwarzo, kuma kafin in yanka ƙarfe sai na zana wa mai aiki ƙofarsa ko tagarsa a takarda. Fensira masu dannawa cike suke da gwangwani a shagona. 'Yata Hafsatu takan duba waya ta gaya mini wanne ya fi, da lambar da ta dace da shi, kamar abin ba komai ba ne. Baba ya rasu yana zaton abin da ya saya mini ya yi aiki, kuma sau da yawa na yi niyyar gaya masa, bakina ya yi nauyi. Da yana nan, yau da na faɗa masa, na kuma san dariya kawai zai yi.