Mai Tausar Hannun Inna

Ni dai tun ranar farko matar nan ba ta kwanta mini a rai ba. Wata Bayarabiya ce daga unguwar Laranto a nan Jos, mai tausa, maƙwabciyarmu ta kawo ta bayan Inna ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannunta na dama ya dunƙule ya ƙi buɗuwa. Likita ya ce a riƙa kai ta gashin ƙashi asibiti, amma mai yin gashin namiji ne, Inna kuwa ta rantse ko mutuwa za ta yi, wani ƙato ba zai taɓa ta ba. Kowa ya ce tausar ta fi sauƙin kuɗi. Ni mai biya na ce araha ba ta ado.

Takan zo da hantsi da man kaɗanya, ta sa a dafa ruwa, ta saki labule. Daga tsakar gida ba na jin komai sai dariyarsu. Wace irin jinya ce wannan? In na tambayi Inna ya hannu, sai ta ce da sauƙi. To, wane Bahaushe aka taɓa dubawa ya ce babu sauƙi? Mahaifinmu ma da sauƙi ya ce da safe, da la'asar aka kai shi.

Sanyin Jos ya zo ya wuce, hannu ko cokali bai riƙe ba. Na tare matar a zaure.

Na ce, "Mama, tsakaninki da Allah, hannun nan zai buɗe?"

Ta ce, "Yarinya na, wannan sai Allah. Ni ina rage masa ciwo ne."

Raina ya ɓaci. Na shiga na gaya wa Inna za a sallame ta, mu nemi asibitin da ke da mace.

Inna ta ce, "Ku daga bakin ƙofa kuke gaishe ni. Ita kaɗai take riƙe hannun nan ba ta tsoronsa."

Maganar ta yi mini zafi. Na ci gaba da biya, ina ci gaba da hararar matar.

Hannun bai taɓa buɗuwa ba, kuma har yau ban yarda tausa magani ce ba. Amma ranar da Inna ta cika, ƙanwarta ta ce ta bar wasiyya: mai tausa ce za ta yi mata wanka. Ni aka bar wa zuba ruwa.