Baba Ba Ya Taka Ciyawa

Wata Asabar cikin sanyin 2006, ina 'yar shekara goma, ina zaune a ƙasa a flat ɗinmu na unguwar Old Trafford ina goge ƙafar robar Baba da tsumma. Aikina ke nan duk Asabar kafin a bar ni in kalli katun. Sai talabijin ta nuno wata gafiya a Mozambik, an ɗaura mata igiya kamar akuya, tana shinshina ƙasa. In ta ji warin nakiyar da aka binne sai ta tsaya tana tono, a ba ta ayaba, masu aikin su zo su cire. Ba ta da nauyin da zai tayar da nakiyar. Ni dariya abin ya ba ni. Baba kuwa ya matso har bakin kujera.

Baba tsohon sojan Gana ne, an tura shi aikin kiyaye zaman lafiya ya dawo da ƙafa ɗaya. Iyakar abin da na sani ke nan, don Mama ta hana tambaya. Na dai san ba ya taka ciyawa. In ya kai ni park, filin wasan yara, ina guje-guje a ciyawa, shi yana kan siminti da sandarsa. Ranar wasannin makaranta iyayen kowa na cikin fili, nawa yana can bayan shingen waya. Haushi ya ishe ni, har na ce masa ya daina zuwa.

Ran Asabar ɗin nan, yana kallon gafiyar, sai na ji ya ce, "Da hayaƙi muke fito da su daga rami a Tamale, mu gasa. Ashe! Da a ce akwai ɗaya a gabanmu ranar... Mu huɗu muka fita da safe, uwata, ni ne na biyu a layi." Na ce, "Baba, please, katun ya fara." Na fizgi rimot na canza tasha. Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓi ƙafarsa ya ɗaura. "To, kalli abinki."

Bayan mun koma unguwar Sparkbrook a Birmingham na ɗan yi hankali, sau biyu na tambaye shi labarin mutum huɗun nan. Ya ce ya manta. Bai manta ba. Ya rasu ban san sunan mutum ukun nan ba, ban san wa ya dawo a cikinsu ba. Yanzu duk abin da nake son sani wayar hannuna tana gaya mini, ban da wannan.

Ciyawa ta rufe kabarinsa a Birmingham. In na je ziyara, a bakin siminti nake tsayawa.