Suna na Huɗu a Bayan Zanen

Ƙarar katafila da ƙamshin lubban, su ne suke dawo mini da ranar nan da har yau ban manta da ita ba. Shekarun faɗaɗa Masallacin Harami ne, ana rushe gidajen kusa, iyalin maigidana Ammi Salih kuma za su koma unguwar Zahir. Ni ce magatakardar gidan: nakan rubuta wa uwargida wasiƙu, in koya wa 'yan mata karatu.

Cikin kayan da za a fitar akwai tsohon zane na wani gwani ɗan Italiya: karyayyun ginshiƙai da ciyawa ta tsiro a kansu, da gada wadda ba ta kai ko'ina. Garin da ke cikin zanen babu shi a duniya, mai zanen ne ya ƙago shi. Na sha tsayawa gabansa har shayina ya huce.

Wani dillali daga Bairut zai saya, amma ya ce sai da takardar asali, wato jerin waɗanda suka taɓa mallakarsa. Aikin ba wuya, domin kowannensu ya rubuta sunansa da hannunsa a bayan katakon zanen. Na kwafe: ɗan kasuwar Iskandariya, basha, wato babban hakimi Baturke, attajiri Ba'indiye, sai na huɗu da rubutu irin namu na allo: Malam Idi Bakano, tela.

Ammi Salih ya karanta, fuskarsa ta canza.

"Ya binti, wannan takarunin, ɗan ƙasarku, fa? Cire shi."

"Ammi, hannunsa ne. Aikina in kwafe abin da na gani."

"Tela ya mallaki kayan basha? Dillali ya yi mana dariya? Halas!"

"To, sai dai wani ya rubuta, ba ni ba."

Ya ɗauki wuƙar da nake fiƙe alƙalami da ita, tawa, ya kankare sunan a gabana. Baturke ya zauna, Ba'indiye ya zauna, namu ne kaɗai ya zama garin katako a kan darduma. Kafin la'asar an sallame ni.

Ku da kuke riƙe da alƙalami, ba a cika cewa ku rubuta ƙarya ba. Cewa ake yi ku tsallake layi ɗaya.

Bayan shekara tara, a wani zaman makoki a unguwar Mansur, wata tsohuwa ta gaya mini yadda zanen ya shiga gidan. Cikin kayan ɗakin amarya ya zo. Malam Idi shi ya haifi amaryar, mahaifiyar Ammi Salih.