Pa Kpana Lahai, Mai Sakin Kifi (1946–2012)

Haihuwa da asali

An haifi Kpana Lahai a shekarar 1946 a ƙauyen Mokpende da ke gaɓar tsibirin Sherbro a ƙasar Saliyo. Mahaifinsa, Lahai Bendu, masunci ne mai fatsa wanda bai taɓa mallakar taru ba, mahaifiyarsa kuwa, Kona, tana yin bandar kifi tana kaiwa kasuwar Bonthe. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne namijin da Allah ya raya har ya kai munzali.

Karatu da gado

A shekarar 1954 aka kai shi Bonthe wurin gwaggonsa domin ya shiga makarantar firamare, inda ya sami ɗan Turancin da ya amfane shi daga baya. Karatun bai yi nisa ba, domin a 1958 idon mahaifinsa ya fara mutuwa, aka dawo da shi gida ya riƙe gorar tuƙi. Kafin tsohon ya makance gaba ɗaya, ya nuna masa abin da zuriyarsu ta gada ta kuma ɓoye wa kowa, wato wani tafki marar zurfi a can cikin kurmin bakin teku, wanda ba a shigarsa sai ruwa ya kawo, ta wata siririyar hanya mai kama da sauran hanyoyi barkatai. Suna kiransa Ɗaki. A nan manyan kifayen tarfon, masu ɓawo kamar azurfa, waɗanda wani yakan fi ƙato tsawo da nauyi, suke taruwa su huta, suna tasowa suna shaƙar iska. Ƙa'idar gidan ita ce ba a kai taru Ɗaki, domin sun yi imani cewa tarfon ba ya komawa inda aka taɓa yi masa ƙawanya.

Aure da 'ya'ya

A 1971 ya auri Yema Sandi, 'yar wani masassaƙin kwalekwale, kuma bai ƙara aure ba har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya albarkace su da Jusu a 1973, da Boi a 1976, da Ansu a 1980, da Satta a 1984, sannan auta, Mahen, a 1990.

Aikin jagora

A 1986 wani Bafaranshe da ake kira Misye Arno ya buɗe masauki a tsibirin domin baƙi masu zuwa kamun tarfon don nishaɗi, ya ɗauki Kpana a matsayin jagora. Aikinsa shi ne ya kashe inji tun daga nesa, ya tsaya a bayan jirgi yana tura shi da gora ba tare da ko ƙwas ba, idonsa a kan ruwa, har ya hango inda kifi ya juya bayansa, ya nuna wa baƙo inda zai jefa ƙugiya. Idan kifi ya kama, akan yi ta dambe da shi yana tsalle yana kaɗa kai har ya gaji. Daga nan sai Kpana ya sauka cikin ruwa, ya cire ƙugiyar, ya rungume shi yana tafiya da shi sannu a hankali har numfashinsa ya dawo, ya sake shi. Baƙon ba ya tafiya da komai sai hoto. Ko baƙin ma, sai ya yi ta kewayawa da su kafin ya shiga Ɗaki, don kada wani ya riƙe hanya.

Mutanen Mokpende ba su taɓa fahimtar wannan sana'a ba, kuma gaskiya ba su yi ƙoƙarin fahimta ba. Idan ya dawo, masunta sukan tare shi a bakin gaɓa da tsiya: "Kpana, yau ma ka yi wa kifi wanka ka sallame shi? Gobe ka tafi masa da sabulu mana." Shi kuwa yakan ce, "Wanda na saki yau shi zai kai Boi makaranta baɗi. Naka da ka ci jiya fa, yana ina?" A waɗannan shekaru ya yi rufin kwano, ya sa 'ya'yansa duka a makaranta, sunansa kuma ya kai ƙasashen da shi kansa bai san inda suke ba.

Shekarun yaƙi

Yaƙin basasa ya ɓarke a 1991, baƙi suka fara ja da baya, kuma a farkon 1995, da faɗa ya matso yankin, Misye Arno ya rufe masauki ya tafi. Ya riƙe hannun Kpana a bakin jirgi ya ce zai dawo bayan damina, ya roƙe shi ya kula masa da kifin. Kpana ya ɗauki wannan magana a matsayin amana, alhali mai ita bai sake aiko da ko gaisuwa ba.

A daminar 1997 yunwa ta sauka a tsibirin. 'Yan gudun hijira sun cika ƙauyuka, shinkafa ta yanke, masu bindiga sun ƙwace jirage masu inji sun kuma hana fita teku, har aka cinye rogo tun bai yi ƙwai ba. Dattawan Mokpende suka zo gidansa suka nemi ya nuna musu Ɗaki, tun da yana cikin kurmi, inda ba mai hana su shiga. Ya ƙi. Ya ce idan taru ya shiga sau ɗaya shi ke nan, ranar da yaƙi ya ƙare ba abin da zai kawo baƙo garin. Babban cikinsu, Pa Sovula (Pa laƙabin dattijo ne a can), ya tashi yana karkaɗe riga ya ce, "To, Allah ya kawo maka baƙin, su zo su ɗauki hoton kaburburanmu."

Abin da ya fi muni shi ne, don kada a bi sawunsa a gane hanyar, shi kansa ya daina zuwa, domin kowane ido na garin yana kan kwalekwalensa. Kifi ɗaya da zai ɗauko da fatsa ya isa ya ciyar da gidansa makonni, amma bai ɗauko ba. Mahen, tana da shekara bakwai, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja. 'Ya'yansa sun shaida cewa wata safiya Yema ta ɗauko ta ta ajiye a gabansa ta ce, "Baban Jusu, dube ta da kyau. Ba taru na ce ka kai ba, guda ɗaya nake roƙo." Ya ce ta ƙara haƙuri, ana raɗe-raɗin za a buɗe hanyar teku abinci ya shigo a ƙarshen wata. Ta ce, "Bature ya manta da kai. Wallahi ya manta." Ba a buɗe hanyar ba, Mahen ta rasu a watan Agusta. Ba za a yi wa tarihi ado ba: wannan taurin kai ne, kuma shi ya kashe yarinyar.

Kashegarin jana'izarta ya shiga kwalekwale ya wuce gaba, masunta suka bi shi da taru har cikin Ɗaki. Aka yi ta jan kifi har ruwan Ɗaki ya rine, hayaƙin banda ya rufe Mokpende, garin da ƙauyukan maƙwabta suka ci har kaka. Yara da yawa da suke manya a yau da wannan kifi suka rayu. Duk da haka ba a sami mutum ɗaya da ya tako ya yi masa godiya ba, sai ma cewa ake yi sai da abin ya taɓa gidansa ya ga dama. Masu faɗar haka sun yi gaskiya, amma da bakin da ya ci kifin suke faɗa.

Bayan yaƙi

An sami zaman lafiya a 2002. Misye Arno bai dawo ba, daga baya aka ji ya rasu a ƙasarsu. A 2008 wasu suka buɗe sabon masauki, suka nemi Pa Kpana saboda tsohon sunansa. Ya kai baƙi biyu Ɗaki, ya yi ta tura su da gora daga wannan cikar ruwa zuwa waccan har hutunsu ya ƙare, ba su ga bayan tarfon ko ɗaya ba. Aka sallame shi cikin mutunci, aka ce shekaru ne. Ya koma gyaran tarun wasu a bakin gaɓa, yana karɓar ladansa da ƙananan kifi.

Ma Yema ba ta bar gidansa ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci da wanke masa tufafi har ƙarshe, amma daga Agustan 1997 ba ta sake zama sun yi hira ba, saƙo ma ta bakin 'ya'ya take aika masa.

Rasuwa

Pa Kpana Lahai ya rasu ranar Talata, 6 ga Nuwamba, 2012, bayan jinyar ciwon ƙirji, yana da shekara sittin da shida. Wasiyyarsa guda ce, wadda ya bar wa Jusu: a binne shi a gefen Mahen. Da masu haƙa suka ɗauki kayan aiki, Ma Yema ta riga su zuwa maƙabarta ta zauna a wurin. Liman ya lallashe ta, Jusu ya durƙusa yana cewa, "Mama, ya mutu fa, ki bar shi ya kwanta." Ta ce, "Wurin nan nawa ne. Ku kai shi bakin ruwa, can 'ya'yansa suke." Ba ta tashi ba, rana kuma tana yi, dole aka binne shi a ƙarshen maƙabarta ta wajen gaɓa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Jusu, direba a Bo, Boi, ma'aikaciyar jinya a Freetown, Ansu, kafinta a Bonthe, da Satta, wadda ke aure a Mokpende tana kula da mahaifiyarsu. Ma Yema tana nan da rai, kuma wurin da ke gefen Mahen har yau ba a haƙa shi ba.